Direban da Ya Karɓi Aikin Kwanciya Ciwo

Direba ya tsufa a bayan sitiyarin babbar mota, bai taɓa kwana a asibiti ba. Ko wucewa zai yi ta ƙofar asibiti sai ya ƙara wuta. Tsoron ya samo asali ne tun rasuwar yayansa. Yana tsaye a gefen gado likitoci suka zo da ɗalibansu, suka yaye wa mutumin riga, kowa ya danna cikinsa, suka yi ta magana a junansu da yarensu na likitoci, suka wuce gado na gaba. Har yayan ya cika babu wanda ya gaya masa abin da ke cinsa.

Da ido ya fara yi masa hazo sai ya ajiye tuƙi ya dawo gida, ya zame wa matarsa aiki. Shi ne gyara ƙofar da lafiyarta ƙalau, shi ne leƙa tukunya. Ana cikin haka autarsu, wadda ke buga takardu a ofishin makarantar koyon likitanci, ta zo da labari.

"Baba, an canza tsarin karatu a wurinmu. A da haddar littafi yaran suke yi, sai su je su koyi sauran a jikin marasa lafiya. Yanzu Farfesa ta ce a samo dattawa masu lafiya su riƙa yin kamar ba su da lafiya, yaran su fara koyo a kansu."

Matarsa ta ajiye tsintsiya. "Allah Ya ba ka lafiya, ka ɗauki ƙafa ka je ka kira wa kanka ciwo? Malam, ba da ni ba."

Shi ma gabansa ya faɗi. Amma zaman gida ya ishe shi, kuma ba ya son Auta ta ji kunya a wurin aikinta. Ya je.

Farfesa mace ce gajera mai saurin magana, takalminta a koɗe saboda zirga-zirga. Ta kai shi wani dogon ɗaki da aka raba da labulaye. Kowane lungu da gado, da kujeru biyu, da wurin wanke hannu. Ɗalibi zai shigo, ya yi tambayoyi, ƙararrawa ta kaɗa, ya fita, wani ya shigo. Da farko ciwon baya aka ba shi, wannan kuwa ba sai an koya wa direba ba. Ya riƙa dafe ƙugu yana nishi har malaman da ke sa maki suna ɓoye dariya. Ya dawo gida yana ba da labari da alfahari.

Da jarrabawa ta matso sai aka canza masa ciwo.

"Baba, wannan ya fi nauyi," in ji Farfesa. "Kai mutum ne da ya daɗe yana ramewa, yana ganin jini in ya zaga. An yi maka gwaji, ka dawo jin sakamako. Yaron zai gaya maka kana da ciwon daji a hanji. Mu dai muna so mu ga yadda zai faɗa."

Aka sa masa rigar marasa lafiya mai igiya a baya, ya zauna. Ɗalibi na farko ko zama bai yi ba ya jefo maganar, kamar mai sanar da tashin mota. Na biyu ya yi ta kewaye-kewaye har ƙararrawa ta kaɗa bai faɗa ba. Wata yarinya ta ja kujera kusa da shi, ta tambaye shi ko yana son a kira wani nasa, sannan ta faɗa a hankali. Wannan ce ta fi taɓa shi. Ya san ƙarya ce, amma sai da maganar ta shige shi. Haka aka wuni, yara masu fararen riguna suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna gaya masa kwanansa ya kusa ƙarewa.

Bayan an tashi Farfesa ta tambaye shi yadda ya ji da kowannensu.

"Duk sun yi ƙoƙari, ranki ya daɗe."

"Har mai tabarau ɗin nan?"

Direba ya sunkuyar da kai. Yaron bai dube shi ko sau ɗaya ba, takarda ya yi ta karantawa. Amma ɗan wani ne, wa ya san wahalar da ubansa ya sha kafin ya kawo shi nan?

"Baba, in ka rufa masa asiri yau, baɗi a kan mai ciwon gaske zai yi haka."

Sai ya faɗi gaskiya. Mai tabarau ya faɗi a wannan ɓangare, aka ce sai ya maimaita. Da suka haɗu a baranda yaron ya kau da kai. Direba ya wuni yana juya abin a ransa.

Daga nan abinci ya fara fita masa a rai. In ya shiga bayi sai ya tsaya yana dubawa ko zai ga jini. Wani murɗa ya zauna masa a ƙasan ƙirji. Ya riƙa tuna alamomin ciwon da Auta ta karanta masa daga takardar jarrabawar, yana auna su da jikinsa, kuma kullum sai ya ga kamar wata ta ƙaru. Bai gaya wa kowa ba. Ta ina zai fara? Ya ce ciwon wasa ya kama shi?

A unguwa kuma magana ta bazu. Wani maƙwabci ya hango shi ta taga sanye da rigar marasa lafiya. Aka fara gaishe shi da tausasa murya. Wanzaminsa, wanda suka shekara suna tsokanar juna, ya gama yi masa aski ya riƙe hannunsa ya ce, "Direba, in na taɓa ɓata maka rai ka yafe mini."

"Kai, aiki nake yi a can! Ciwon na wasa ne."

"Haka ne, haka ne," in ji wanzami, idonsa ya kawo ruwa. "Allah Ya sa kaffara ne."

Wata safiya matarsa ta same shi a bayan ɗaki da ƙusa yana huda wa bel ɗinsa sabon rami. Ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Me fa?"

"Malam, ni nake wanke wandon nan. Tun yaushe?"

Ƙusar ta faɗi daga hannunsa. Ya gaya mata duka. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, wannan kuma ya ƙara tsorata shi. Mayafinta kawai ta ɗauko.

Asibitin gaske ba labule ba kujeru biyu. Benci ne cike da mutane, wasu a ƙasa, yara na kuka, fanka ta mutu. Tun safe sai bayan azahar suka ga likita, wani matashi da idanunsa suka yi ja don gajiya. Ya rubuta gwaje-gwaje. Kwanakin jiran sakamako Direba ya yi su kamar a kan ƙaya. Ya riƙa kallon jikokinsa suna wasa a tsakar gida yana lissafin wanda zai iya tuna fuskarsa.

Ranar da suka koma, likitan na duba takarda Direba na duba likitan. Ya san duk alamun yanzu: in ya ja kujera kusa, in ya tambayi ko a kira wani, to shi ke nan. Likitan bai ja kujera ba.

"Baba, ba mu ga abin tsoro ba. Gyambon ciki ne, kuma jininka ya hau sosai. Me ke damunka haka? Akwai gwaji ɗaya da nake so a ƙara saboda shekarunka, amma injin ya lalace, sai an gyara."

A waje matarsa ta zauna a kan dakali ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Da ta share fuska sai ta ce ya kai ta wurin Farfesar nan.

Direba ya so ya hana, ina. Ta shiga ofis ta zazzage komai, Auta na bayan injin buga takardu kamar ta nutse. Farfesa ta saurara har ƙarshe, ta cire tabaranta ta murza ido.

"Mama, kin yi gaskiya. Mun yi ta tunanin yaran, ba mu yi tunanin wanda ake gaya wa maganar ba."

Daga ranar aka daina barin mutum ɗaya ya wuni yana karɓar mugun labari. In an tashi, sai an zaunar da dattawan an sha ruwa an yi hira kafin kowa ya tafi. Aka kuma ce a duba lafiyar kowannensu. Direba ya koma ciwon gwiwa.

"Wani abu kuma," in ji matarsa a ranar, kafin su fita daga ofishin. "Wane namiji ne yake zuwa jin irin wannan sakamako shi kaɗai? Ina matarsa? Ku koya wa yaran magana da ita ma."

Farfesa ta dube ta da kyau. "Za ki iya?"

Yanzu tare suke fita da safe. Ita ke fitowa a matsayin matar wani mai ciwo a lungu na ƙarshe, kuma ɗalibai sun fi tsoronta da malamansu, don ba ta barin kalma ta wuce ba ta ce a fassara mata ba. Direba yana jiyo muryarta ta cikin labule yana dafe da gwiwarsa. Injin gwajin har yau ba a gyara ba. Duk ranar da suka tashi aiki sai sun biya ta asibitin sun tambaya, a ce musu su dawo wani mako, shi kuma ya ce to, ya fito yana shafa cikinsa.