Mai sayen citta a idon mahaifiyata

Shekara uku ke nan da na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu a gindin dutsen Kagoro zuwa gidana a Kafanchan, bayan an tsince ta sau biyu a gonar da ba tata ba. Likitan da ya duba hoton ƙwaƙwalwarta ya yi mini bayani da haƙuri. Ya ce sassan ƙwaƙwalwa suna nan, hanyoyin da ke haɗa su ne suke yankewa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ido zai ga fuska amma saƙon ba zai isa inda aka ajiye sunan mai fuskar ba. Ya ƙara da cewa abin da mutum ya koya daga baya yakan riga na yarinta ɓacewa. Na gyaɗa kai irin na wanda ya yi jami'a. Ban gane cewa da ni yake ba.

Hausa ita ce abin da Mama ta koya daga baya, a kasuwa da zumuntar mata ta coci. Ni kuwa tun da na tafi makarantar kwana na daina amsa mata da yarenmu. Tana yi mini yare, ina mayar mata da Hausa, har ta gaji ta biyo ni. Ina jin yaren, amma bakina ba ya iya ɗaukarsa. A lokacin na ɗauka ci gaba ne.

Yanzu ta koma yare gaba ɗaya. 'Yar Hausar da ta rage mata ita ce ta ciniki da fataken da suke zuwa ƙauye sayen citta. Duk safiya in na durƙusa na ce, "Mama, ina kwana?" sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Malam, citta bai bushe ba. Ka dawo jibi."

Nakan ce, "To, Mama." Sannan in kulle ƙofar gida in tafi aiki da makullin a aljihu, don in an bar ta a buɗe za ta kama hanya.

Wata Lahadi bayan sujada ƙanwarta ta zo. Na roƙe ta ta koya mini yadda zan ce ni ne ɗanki na fari.

"Kai, da furfurarka?" in ji ta. "Ina digirin naka?"

"Inna, ki taimaka."

Ta maimaita mini sau biyar, tana dariyar yadda nake karya muryar. Na je na durƙusa gaban Mama na faɗa. Ta dube ni da kyau, har na fara sa rai. Sai ta juya ga ƙanwarta ta yi magana da yare, kuma na ji kowace kalma. Cewa ta yi baƙon nan yana da kirki, a roƙe shi ya buɗe mata ƙofa, ɗanta yana makaranta kuma ba a kai masa abinci ba.

Inna ta daina dariya. "Me zan ce mata?"

Da zan iya ba Mama amsa da kaina, wataƙila da ta san ni, wataƙila kuma hanyar ta riga ta yanke ko da wane harshe na zo. Ban sani ba, likitan ma bai sani ba.

Na ce, "Ki gaya mata ni zan kai masa."

Mama ta tashi ta shiga kicin, ta ƙulla dafaffiyar doya a leda, ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa, na fita, na kulle ƙofar a bayana.