Oga Fidelis, Mai Auna Mutane da Wat

Duk wanda ya taɓa gaida Oga Fidelis a cikinku ya san ba ya amsawa sai ya auna ka tukuna da wat, ma'aunin ƙarfin lasifika. Ka ce masa ina kwana, sai ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya kamar mai ɗanɗana gishirin miya, ya ce, "Wat goma. Ba ka karya ba ke nan." In Mama Asabe mai ƙosai ce ta kwaɗa masa gaisuwa daga tsallaken hanya, sai ya dafe ƙirji ya ce, "Kai! Wat ɗari biyar, kuma babu wajen ragewa!" Ni kuwa, Yakubu tela, da shagona ke manne da katangar gidansa, har ya koma ga Ubangiji ban taɓa wuce wat ashirin a ma'auninsa ba. Wai muryata tana da tsabta, ƙarfi ne babu.

A nan Kafanchan aka haife shi, a gidajen ma'aikatan reluwe. Ubansa daga kudu ya zo da aikin jirgi, shi ma aikin ya gada har ya yi ritaya. Matarsa, Mama Saratu, 'yar Kwoi ce. Da ta rasu, yara suka watse neman abinci, Emeka a Abuja, Ladi a Legas, aka bar shi daga shi sai falo. To, a falon nan ne ya ɗaura aniyar haɗa abin da yake kira silimar gida: talabijin a gaba, lasifikoki kewaye da mutum, sai amfilifaya, injin da ke ba su ƙarfi, wanda shi amfi yake ce masa. Da kuɗin fansho fa! Kun dai san fansho, baƙon da ba ya faɗin ranar zuwansa.

Sabo kam bai taɓa saya ba. Wata ranar kasuwa ya ja ni Zonkwa, wai ya ji wani mai gidan kallon ƙwallo ya rufe harka yana sayar da kaya. Muka tarar da lasifikoki biyu iri ɗaya, manya, sun sha ƙura amma lafiyarsu ƙalau. Oga Fide ya zaro batirin tocila daga aljihu, ya taɓa shi a wayoyin baya, lasifika ta ce "fut". Ya taɓa ɗayar, ita ma "fut". Ya leƙa rubutun da ke baya, ya gyaɗa kai.

"Ɗaya zan saya," in ji shi.

Mai kaya ya ce, "Haba Baba, ai tagwaye ne! In ka ɗauki ɗaya, wa zai sayi ɗayar?"

"Babu kowa."

"To ka gani!"

"Shi ya sa zan dawo wata mai zuwa. Lokacin kai da kanka za ka rage mini, tunda babu mai so."

Wallahi mutumin nan sai da ya zauna don dariya. Ya sayar masa kuwa. Ni aka ɗora wa ita a cinya cikin ƙaramar bas har gida, ƙafafuna suka mutu. Wata na zagayowa ya koma ya ɗauko 'yar'uwar a rabin kuɗi, har da kyautar wayar haɗawa.

Karatunsa guda ne, kuma duk wanda ya zauna a bencin shagona ya sha shi. Amfi da lasifika sai ƙarfinsu ya zo daidai. In amfi ya fi ƙarfin lasifika ka sake masa linzami, zai yaga ta. In kuma ƙarami ne kana matsa masa ya yi abin da ba zai iya ba, sauti ya shaƙe, shi ma ƙona ta zai yi. "Mutane suna tsoron babba," yakan ce, "ni ƙarami mai zafin kai nake tsoro." Da wannan karatun yake fassara komai, daga rigimar ma'aurata har siyasar ƙaramar hukuma.

Kun tuna bikin godiya ta kaka, shekarar da lasifikar coci ta lalace? Fasto ya zo da kansa aron tagwayen nan. Oga Fide ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, sannan ya fara yi masa tambayoyi kamar mai neman auren 'yarsa. Wane amfi gare ku? Wat nawa? Wa ke riƙe da shi? Fasto ya ce shi dai ya san baƙi ne, yana da fitila ja. Oga Fide ya ce to zai bayar, amma shi zai zauna kusa da injin.

Ranar Lahadi Fasto ya hau bagade, wa'azi ya ɗauki zafi. Yana ɗaga murya, Oga Fide yana murɗa abin ƙasa. Fasto ya ƙara, shi ya ƙara ragewa. Daga baya-baya sai bakin Fasto kawai muke gani yana motsi, hannu yana sara iska. Da aka tashi, Fasto ya same shi, gumi sharkaf, ya ce, "Baba, me ya faru da sauti?"

"Babu abin da ya faru. Amfinku ƙarami ne, kai kuma kana matsa masa. Fasto, yi a hankali. Sama ba ta kai nisan da kake tsammani ba."

Amma shi ma mai karatun ya taɓa faɗuwa jarrabawa, kuma a gabana. Emeka ya aiko masa da kuɗin magani da na gyaran rufi. Bayan kwana kaɗan sai ga ɗan acaɓa da wani ƙaton amfi na hannu, nauyinsa kamar dutsen niƙa. Na ce, "Oga Fide, maganin fa?" Ya ce, "Ga shi nan kana gani." Ya share yini yana haɗa wayoyi, ya kira ni in zo shaida. Babu wuta, don haka ya tayar da ɗan janaretonsa, irin wanda ke ɗaukar fanka da fitila biyu. Ya gyara tsayuwa, ya danna amfi. Janareto ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Muka tsaya muna kallon juna. Can ya ce, "Tela, na haɗa ango da amarya daidai wa daida, na manta ban tambayi mai ciyar da su ba."

Daga ranar ya zama bawan wutar gari. Ko ina yake, in yara suka yi ihun an kawo wuta, sai gida. Akwai ranar da nake gwada masa wandon Kirsimeti, ƙafa ɗaya na naɗe da allurai, ɗayar tana jan ƙasa. Fankar shagona ta motsa kawai, sai na ga mutum ya fice. Ina binsa da tef ɗin awo a wuya ina cewa, "Allurai, Oga Fide, allurai!" Ya waiwayo ya ce, "Wando zai jira, masu wuta kuwa ba sa jira!"

Mu duka mun ɗauka son kiɗa ne da taurin kai irin na tsofaffi. Ni ma haka na ɗauka, don ta katanga ba na jin komai sai gurnani. Sai wata ranar Asabar da hantsi ya leƙo ya ce in ajiye almakashi in zo in ara masa kunne. Na shiga. Falon tsaf, kujera ɗaya a tsakiya, lasifikoki kowacce da kalarta. Ya ɗauko mini kujerar roba daga kicin. Ya sa wani tsohon faifan bidiyo na taron zumuntar mata, wanda wani ya ɗauka da ƙaramar kyamara shekarun baya. Mata cike da coci, ana buga tulu, hoton yana rawa. Ya nuna da yatsa can layin baya. Mama Saratu ce, rabin fuskarta kawai ake gani, ɗankwalin wata ya rufe sauran.

"Kana jin muryarta?"

Na kasa kunne iyakar iyawata. Na ce, "Gaskiya taro kawai nake ji."

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Lasifikar tsakiya ce babu. Muryar mutane daga nan take fita." Ya ce ita Saratu ba ta iya sakin waƙa tare da mutane ba, kullum sai ta ja ƙarshen ta bar kowa, har shugabarsu ta gaji da yi mata magana. In kayan suka yi daidai, dole a ji ta.

Ya daɗe yana neman ta tsakiyar nan, don ya ce ba zai haɗa wa amfinsa wadda ba sa'arsa ba. A ƙarshe wani direba ya samo masa daga Kagarko. A watannin ne na lura sai na maimaita magana sau biyu kafin ya amsa, kuma ya daina auna gaisuwar kowa. Mama Asabe ta yi ta kwaɗa masa kira, ya wuce abinsa.

Ranar da ya haɗa ta, ya sake kirana. Aka yi sa'a akwai wuta. Waƙa ta tafi, ta tafi, ta zo ƙarshe, tulu ya tsaya, mata suka yi shiru. Sai ga wata siririyar murya ita kaɗai ta ci gaba, ɗan kaɗan, kamar zaren da ya rage a bakin allura. Ita ce, wallahi, kamar ta leƙo ta taga tana tambaya ko na gama ɗinkin zanenta.

Na juyo in gaya masa, sai na ga ba talabijin yake kallo ba. Fuskata yake kallo. Tafin hannunsa yana kan akwatin lasifika.

"Ka ji?"

"Na ji ta, Oga Fide."

"Da kyau? Ba ta shaƙe ba?"

"Tas take."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To, kaya sun yi daidai. Tashi ka koma aiki, kada ka ce ni na hana ka cin abinci."

Daga nan bai ƙara sayen ko waya ɗaya ba. In an kawo wuta yakan sa faifan, ya zauna shi kaɗai, hannu a kan akwati. Wani lokaci in leƙa, ya nuna mini kujerar roba, mu zauna tare har a ɗauke. Da damina ta kama sai jiki ya ƙi, Emeka ya zo ya tafi da shi asibiti a Abuja, gawarsa aka dawo mana da ita.

Yanzu gidan a kulle yake. Ina taka keken ɗinki, in tsaya, in ji unguwar ta yi mini faɗi. Sa'o'ina na layin nan sun ƙare, wasu sun koma garuruwansu, wasu suna maƙabarta, shi ne na ƙarshe da nake yi wa tsiya ya rama.

Ubangiji Allah, ga bawanka Fidelis nan ya zo. Yana da taurin kai, amma bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ka gafarta masa, Ka ba shi hutawa, Ka buɗe masa kunnuwansa. In akwai wuri a layin baya, kusa da mai jan ƙarshen waƙa, a nan zai fi son zama. Mu da muka rage kuma, kada Ka bar mu mu kaɗai. Amin.