Motar da ta ƙi hawan Nima

Hannu na biyu na sayi pikap ɗin nan, irin wadda 'yan Najeriya ke kira a-kori-kura, a shekarun da fetur ke wuya a Ankara, babban birnin Gana. Da ita nake ɗauko wa 'yan kasuwa albasa da doya daga kasuwar Agbogbloshie zuwa unguwannin Nima da Maamobi. Ranar da na kawo ta, fitan unguwarmu, wato makanike, wani Bakotokoli mai yawan surutu, ya zo har ƙofar gida ya juye mata baƙin mai, ya sa mata sabuwar filtar iska. Mahaifiyata, wadda duk gidan ke kira Mma, ta bar kaskon ƙosanta ta zo ta tsaya a kansa. Ta nuna gwangwanin filtar da yake rufewa ta ce mene ne wannan.

"Mma, nan ne hancin mota," in ji shi. "Ta nan shina numfashi."

Mma ba ta son mota, domin a hatsarin babbar mota mahaifina ya rasu a hanyar arewa. Washegari na tarar ta rataya mini laya a madubi. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, na cire na mayar mata, na ce direbobin tasha za su yi mini dariya. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zaninta.

Da farko motar tana gudu lafiya. A hankali ta fara nauyi. A miƙaƙƙiyar hanya ba laifi, amma da ta ga tudu sai ta riƙa shaƙewa, baƙin hayaƙi na fita ta salansa, in taka totur har ƙasa ta ƙi amsawa. Nima kuwa duk hawa da gangara ce. Wata rana da hantsi, ina ɗauke da buhunan albasa a hawan da ke tasowa daga babbar kwata, injin ya mutu a tsakiyar tudu, motar ta fara komawa da baya. Na danne birki da duk ƙarfina, nauyin kaya na jan ta. A madubi ina ganin mata masu talla suna watsewa, wata ta yar da farantinta ta suri ɗanta. Wani mai tura amalanke ne ya jefa dutse a bayan taya, ta tsaya dab da bakin kwatar. Na daɗe a zaune ban iya fitowa ba.

Na kai ta wurin fita. Ya kwance fulogi, ya same su baƙi ƙirin, ya goge. Ya zare tiyon da ke kai wa kafireta iska, ya wanke kafiretar, ya tayar da inji tun bai mayar da tiyon ba. Sai ga ta tana ruri kamar sabuwa.

"Masa, mota nan ba shi da komi koraa, ko kaɗan," ya ce, don haka yake kiran kowa, Masa, wato maigida. "Kai ne kana tsoro."

Na koma tudu, ta sake shaƙewa. Muka canza famfon fetur. Muka sauke tanki muka wanke, ko an sayar mini da mai haɗe da kananzir. Muka duba kuloci. Na ce ko filtar iska ce, ya ji haushi, ya ce da hannunsa ya sa ta sabuwa dal, in daina koya masa aiki. Kullum a garejinsa lafiyarta ƙalau, kullum a tudu tana neman kashe ni.

Daga nan maganganu suka tashi a tasha. Wani ya ce mai ita na farko a cikinta ya mutu. Wani ya ce gawa ake ɗauka da ita a can inda ta fito, shi ya sa take jin nauyin da ido ba ya gani. A gabansu dariya nake yi, amma wallahi na tsorata. Sai na kama kaina ina leƙa madubi ko da bayan motar babu kowa. Na ba Mma labarin ranar kwata, abin da bai kamata in yi ba, don daga ranar ta daina cin abincin kirki sai na dawo. Motar kuwa ta ƙara lalacewa, har da buhu kaɗan ma da ƙyar take hawa.

Ana cikin haka Mma ta kwanta ciwo, bai yi tsawo ba, ta rasu wata safiya. Liman ya ce jana'iza bayan azahar. A Zongo, unguwannin Musulmi irin tamu, mai buɗaɗɗiyar mota shi ke kai gawa maƙabarta, ko ta baƙo ce ba ya cewa a'a, balle ta uwarsa. A layinmu kuma tawa ce kaɗai. Za a ɗora makara a baya, dattawa su zauna gefe da gefe suna riƙe da ita, hanyar fita kuma sai ta wannan tudun. Mutane na yi mini ta'aziyya, ni kuwa ba na jin su. Abin da nake gani kawai shi ne motar tana komawa da baya, makara ta zame, Mma a cikin likkafaninta ta faɗa kwata a idon duk unguwa.

Fita ya zo gaisuwa da farar rigarsa. Na ja shi gefe na ce, "Masta, don Allah, ka sake duba ta. Ba zan iya ba."

Wannan karon bai yi gardama ba. Ya naɗe hannun riga ya buɗe bonet. Ya ce in tayar. Ya zare tiyon iska, inji ya yi ruri. Ya mayar, ƙarar ta dushe. Ya sake zarewa, ya sake mayarwa, yana saurare da kai a karkace. Sai ya dubi gwangwanin nan da bai taɓa buɗewa ba tun ranar farko, ya ɓalle maƙalan murfinsa.

"Ei, la ilaha illallahu! Masa, zo ka gani."

A cikin gwangwanin, kewaye da filtar, an cusa layu cunkus, sun toshe mashigar iska, duk sun jiƙe da mai da datti. Wasu sun yi baƙi, wasu sababbi ne. Kowace an naɗe ta da ƙyalle an ɗaure da zare. Na ɗauki wadda ta fi tsabta, na gane ƙyallen nan take: zanen Mma ne, shuɗi mai zanen ganye, wanda take ɗaurawa wurin suya. A ƙasa can na ga wadda na cire daga madubi. Ashe duk ranar da na dawo da labarin motar ta ƙi hawa, sai ta ɗaga bonet da sassafe kafin ta hura wuta, ta ƙara wata a inda aka ce mata motar na numfashi.

Fita ya zazzage su a tafin hannuna, ya mayar da murfin. Na zuba su a aljihun rigata.

Bayan an yi mata salla aka ɗora makara, dattawa suka hau. Wani ya ce in bari ya tuƙa, na ƙi. Muka iso gindin tudun. Na sa giya ta biyu, na yi bisimilla, na taka. Motar ta amsa, ta haye ba ko tari, babu hayaƙi. A madubi ina ganin farin ƙyallen da aka lulluɓe makarar da shi, bai ko motsa ba.

Sai da muka kai saman tudu kuka ya zo mini. Na riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana kan aljihuna, na ce, "Mma, mun hau."