Mai Kiran Jirgi a Bakin Binuwai

Raliya ungozoma ce, ta san hannun mai tsoron rashi. Shi ya sa, tana dawowa daga asibiti da kayan aiki a jikinta, ta ja ta tsaya a bakin Binuwai tana kallon wani dattijo.

Dogo ne siriri, furfura ta cinye sajensa. Ya shimfiɗa farar rigarsa a kan taɓo ya ɗora ɗan jirgin sama, shi kuwa ya durƙusa cikin laka. A cikin jirgin akwai wasu 'yan injina, kowanne bai wuce gidan ashana ba. Yana zura su ɗaya bayan ɗaya cikin yatsun safar hannu ta roba, ya toshe bakin da kakin zuma, ya ɗaure da zare kamar yadda take ɗaure cibiyar jariri.

"Bappa, duk wannan wahala don abin wasa?"

"Su ke juya shi a sama, Sista," in ji shi, bai ko ɗago ba. "In ruwa ya shige su, zan yi ta kira daga ƙasa, ba zai ji ni ba."

Wa ya taɓa kira bai juyo ba? Raliya na zargin ɗa ne, kogi ya tafi da shi ko yaƙin da aka gama.

Ana fara yayyafi ya tashi jirgin, ya rungume akwatin rediyon da yake sarrafa jirgin da shi. Jirgin ya miƙa tsakiyar kogi har ya koma kamar tsattsewa.  Dattijon ya ɗan karkata babban yatsa a kan akwatin, sai ga jirgin ya juyo.

Dariya yake yi, ruwa na bin fuskarsa, ya ƙi sharewa.