Baba Mati Magini da Jirgin da Bai Yi Sallama Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, ina tsakiyar koyar da ɗalibai aka bugo mini waya cewa Allah ya yi wa Baba Mati magini na ƙauyen Kukar Dawa, a ƙasar Minjibir, rasuwa bayan jinyar kwana tara. Kafin in isa har an kai shi makwancinsa.

Baba, ni ne Abdulrashid, ɗan bokon nan da kake ce wa Mai Zirnaƙo. Shekara uku da suka wuce na zo ƙauyenku daga jami'a ina binciken digiri na uku a kan ƙananan jirage marasa matuƙi, waɗanda ke tashi da kansu su ɗauki hoton gona don a gano inda tsutsa ta fara cin dawa tun ba ta gama da ita ba. Kowa ya yi ɗari-ɗari da ni, sai kai ka ba ni gonarka, ka ba ni inuwar zaurenka. Kullum Inna Aina'u, maiɗakinka, sai ta aiko mini da fura, kai kuma kana tsokanata wai mutum da gemunsa yana wasa da ƙwaro.

Ba zan manta wata Alhamis gab da girbi ba. Na tsara jirgin yadda idan batirinsa ya yi ƙasa zai kamo hanya mafi kusa ya dawo. A filin jami'a wannan dabara ce. A ƙauyenku kuwa gona da gida a haɗe suke, kuma makewayi ba shi da rufi. Wallahi ko sau ɗaya hakan bai zo mini a rai ba. Jirgin ya yanko ta saman wani gida, kyamararsa na aiki, a daidai lokacin da matar gidan take wankan jego.

Ihunta muka fara ji. Kafin jirgin ya sauka maigidan, Sama'ilu, ya iso da sanda, bayansa mutum ya fi talatin. Wani ya damƙi wuyan rigata, wani ya ɗaga jirgin zai maka shi da ƙasa, ana cewa a kawo kananzir. Masu cewa in buɗe hotunan kowa ya gani suna yi, masu cewa duk wanda ya buɗe sai ya kwana lahira suna yi. Turancin da Hausar duk suka gudu. Na tabbata ranar ba zan fita da ƙafafuna ba.

Sai ga ka, hannunka duk laka, ka ratsa mutane ka tsaya a gabana. Ba ka kare ni ba, faɗa ka fara yi mini. Ka ce, “Kai Abdulrashid, ni in zan hau soro sai na ɗaga murya sau uku na ce za a hau sama, mata a kintsa, sannan in jira. Kai wa ka yi wa sallama?” Na ce babu kowa. Ka tambayi inda hotunan suke, na zaro ɗan katin memorin da jirgin ke ajiye su a ciki, na ce maka aikin mako guda ne a ciki, awo na ƙarshe kafin girbi, in ya tafi sai wata daminar. Ko kallona ba ka yi ba, ka ɗauko dutse ka sa mini a hannu. Da hannuna na farfasa shi a gaban kowa, ina yi hawaye na zuba.

Duk da haka Sama'ilu bai sauke sanda ba, kuma da gaskiyarsa. Ya ce sai an ƙona jirgin an kore ni. Nan ka juya ka fuskanci mutanenka ka ce, “Shekara arba'in ina hawa kan gidajenku. Wa ya taɓa jin na faɗi abin da idona ya gani? To wannan baƙona ne, na ɗauke shi a wuyana. In abinsa ya sake bi ta kan gidan wani, ni za ku kama.” Da ƙyar mutane suka watse, wasu suna tsaki.

Washegari ka ajiye aikinka, kwana goma sha ɗaya muna zaga ƙauyen a ƙafa. Kana nuna mini kowace katanga, kowane danga, har gidajen da ba a gane su daga nesa saboda dawa ta rufe su, ni kuma ina shigar da su cikin taswirar jirgin don ya riƙa kauce musu. Wannan taswirar ce ta zama ƙashin bayan bincikena. Na ƙara shekara guda, na gama, aka tafa mini, har ana kirana dakta.

Abin da ban sani ba sai a zaman makoki na ji shi. 'Yarka Sakinatu ce ta gaya mini cewa tun daga ranar, unguwar su Sama'ilu gaba ɗaya ba wanda ya sake kiranka yaɓe ko gyaran soro. Daga wani gari suke ɗauko magini, kana zaune a ƙofar gida yana wucewa ta gabanka. Haba Baba! Sau nawa na zo gaishe ka na tambaye ka ya aiki, ka ce mini ai tsufa ne ya sa ka rage hawa? Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Kunya ta ishe ni, kuma babu inda zan kai ta yanzu.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya suturta ka kamar yadda ka suturta mutane, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Aina'u da Sakinatu da sauran 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Malam Sama'ilu da mutanen unguwarku, ina roƙonku don girman Allah: ni na yi muku laifi, ba shi ba. In akwai sauran fushi, ga ni da raina, ku sauke a kaina, shi ku yafe masa.