Filin Da Ya Kalli Alƙibla

Duk wanda ya ce maginan unguwarmu ta nan Riyad ba su san aiki ba ne shi ya sa filin fikilbol ɗinmu ya karkace, bai san komai ba. Da gangan suka yi. Ina wurin.

Yayana direba ne, shi ya fara ganin wasan, mai kama da tanis, a gidan kafilinsa, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ya dawo mana da ƙwallo mai huji-huji kamar matsami. Na juya ta, na matsa, na kasa gane abin da zai sa manya su bi wannan abu da gudu. Na matsu in buga in ji.

Da baladiya, hukumar gari, ta yarda a yi amfani da kangon da ke bayan bakala, shagon kayan masarufi, sai aka kira gayya. Mutanen Maraɗi da Damagaram suka riƙa zuwa daga unguwar Sulay kowace Juma'a da siminti da cebur, mu mata muna dafa kabsa, shinkafa da nama irin ta Larabawa. Sau da dama na tambayi yaya ko za a ba mu lokaci in an gama. Kullum amsarsa inshallah, irin inshallar nan ta Riyad da ba ta da rana.

Ranar jan igiya, kawu, dattijon da ke shugabantar maginan, ya ce a daidaita filin da alƙibla, in magariba ta kama mutane suna wasa sai layukan su zama sahu. Kowa ya ce madalla. To amma a Riyad alƙibla yamma take, daidai inda rana ke faɗuwa. Daga la'asar zuwa magariba, wanda ya tsaya a ɓangaren gabas ba ya ganin ƙwallo sai ta dake shi a goshi.

Mako biyu aka yi ana rigima kan wa zai tsaya ina. Daga nan maza suka haƙura da yamma, suka koma bayan isha'i da fitilu. Jadawalinsu ya cika taf, babu mu ciki.

Wata la'asar na je karɓo tukunyarmu, na tarar da kawu shi kaɗai yana share filin. Na tsaya a gabas ɗin don in ga makantar da ake ta faɗa. Idona ya yi hawaye kam, amma da na jawo gyalena na kare goshi, ina ganin ragar.

"Kawu, wannan lokacin na waye?"

"Na rana ne, ɗiyata. Ke za ki ƙwace mata?"

"In ka ba ni mabuɗi."

Ya yi dariya, bai ce a'a ba, bai kuma ce inshallah ba.

Tun a hanya na gama shawara. Ranar Asabar zan shiga kasuwar Dira in sayo hular hana-salla huɗu, mu ɗora kan gyale. Ni zan fara tsayawa a gabas, kada wata ta samu bakin ƙorafi.