Tayoyin Kujerar Inna

Jiya a shagon tela na ga kujera mai ƙananan tayoyi, sai Baba, maƙerin unguwarmu, ya faɗo mini a rai.

Da ƙafafun Inna suka daina ɗaukarta, shi ya sa wa kujerarta tayoyi masu juyawa. Na ga ƙarfen da ke riƙe da kowace taya ya karkace, na ce tsufa ya ci idon Baba. Na ɗauki guduma na miƙar da ƙarafan.

Da hantsi na turo Inna kan simintin baranda. Da na zo karya kwana, tayoyin suka cije, kujera ta karkata bakin matakala. Na tokare ta da gwiwa, Inna tana salati. Na kasa ja, na kasa saki.

Sai ga Baba ya shigo gaishe ta. Ya tallabe ta, rigarsa na warin gawayi. Da muka sauke ta kan tabarma, ya duƙa ya shafa ƙarfen da babban yatsa, yadda ya saba kafin ya yi magana.

"Wa ya miƙar?"

"Ni ne, Baba."

"Kai, taya bin baya take yi. In ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙusar da ta haɗa ta da kujera, ba ta juyawa. Uwarka ce a kai, ba buhun gero ba."

Ya saɓi kujerar ya fita. Har ya rasu ban ba shi haƙuri ba. Allah ya jiƙan Baba, ya riƙe shi ranar da ƙafafu ke zamewa.